Hawan jinin maigida ya shigar da shi kicin, ya fitar da ni gudu a titin Garwa

Ranar da likita ya kwance abin awo daga hannun maigidana, bai yi magana nan take ba. Sai da ya sake ɗaura shi a ɗaya hannun, ya sake dubawa, sannan ya ce, "17 bisa 10." Haka ake faɗa a nan Kamaru, 'yan'uwanmu na Najeriya za su ce 170 bisa 100. Ko ta yaya aka faɗe shi dai, ya haura 140 bisa 90 ɗin da likitoci ke cewa daga nan hawan jini ya fara. Maigida ya yi dariya, ya ce ai naman layya ne bai gama sauka ba. Likita bai taya shi dariyar ba.

A ƙarshen watan Yuni ke nan. Makarantu sun shiga dogon hutu, ni kuma malamar firamare ce, don haka ina gida. Yaranmu uku mun sa su a mota zuwa Ngaundere wurin mahaifiyata. Shekararmu 14 da aure, amma tun haihuwar fari ba mu taɓa kwana bakwai a jere daga ni sai shi a cikin gida ba.

Abu uku likitan ya rubuta: magani kullum ba fashi, a rage gishiri, a riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mutumin da ake gaya wa wannan shekararsa 46, yana da shagon atamfa a babbar kasuwar Garwa, kuma ko masallacin unguwa a kan babur yake zuwa. Da safe kunu da ƙosai, da rana duk abin da mai talla ta kawo, da dare tsire a majalisa kafin ya shigo ya ci tuwo. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara uku kafin Allah Ya karɓi abinsa. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti babu wanda ya ambaci marigayin, amma na san shi muke tunani mu duka biyu.

"To Alhaji, ga muciya"

Abin da ya fara ba ni kunya shi ne lissafin da na yi a kicin ɗina. Dunƙulen ɗanɗano huɗu nake jefa wa tukunyar miya ɗaya, ban da gishiri, ban da kanwa idan miyar yauƙi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ko ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba a cika ba. Shi kuwa dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, ita ma kanwa tana ɗauke da sodiyum, sinadarin da ake gudu a cikin gishirin. Ashe shekara da shekaru ina zuba wa bawan Allah ciwo da ludayi, yana ce mini "Allah Ya yi albarka."

Na mayar da dunƙulen ɗaya. Miya ta fito lami. Kwana uku yana haɗiya kamar mai shan maɗaci, ran na huɗu ya ture kwano ya ce, "Malama, wannan miyar ko a gidan yari aka kai ta sai an yi bore." Ni kuma na gaji, ga zafin murhu ga rashin godiya. Na tashi na ɗauko muciya na ajiye a gabansa. Na ce, "To Alhaji, ga ta nan. A nuna mana yadda ake yi."

Da yara suna nan, da ba zai taɓa ta ba, ni ma ba zan yi masa haka a gabansu ba. Amma gida ba kowa, ƙofa a kulle. Washegari da yamma sai ga shi ya tuɓe babbar riga ya shigo kicin.

Tuwonsa na farko abin a tara jama'a ne. Bai san da talge ba. Ruwa na tafasa ya juye garin masara gaba ɗaya, ya kama kokawa da tukunya, gudaji suka fito manya-manya kamar ƙwan zabi. Haka muka ci, muna tsincewa muna dariya, har hawaye. Na manta rabon da in ga haƙoransa na ciki. Kafin watan Agusta ya kama, ya iya dama talge, ya bar shi ya dahu, ya zuba gari kaɗan-kaɗan yana tuƙawa, ya rufe ya sulala. Kwashewa da mara ce kawai ta gagare shi har yau, wai tana ƙona masa yatsu.

Kuma maganar gaskiya, shi ne ya warware mana matsalar lamin. Ya tuna miyar kakarsa a Gashiga, wadda ba ta taɓa ganin dunƙule ba amma ana lashe kwano: daddawa mai kyau, busasshen kifi dakakke, albasa da yawa, citta da masoro. Muka koma can. Da tsohuwar zuma ake magani.

Damina ta taimake mu, domin lokacin ne ganye ke arha har ana roƙon mai saye. A Garwa Fulatanci ne harshen kasuwa, don haka ko mu Hausawan garin da sunayen Fulatanci muke ciniki: yakuwa ita ce follere, tafasa tasɓa, karkashi gubuɗo, tuwo kuma nyiiri. Follere ce ta zama uwar ɗakinmu. Da can nakan jefa mata kanwa don in kashe tsamin. Yanzu tafasa ganyen nake yi in zubar da ruwan farko, in haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da bandar kifi, in bar sauran tsamin ya yi aikinsa. Harshen da ya ji tsami ba ya cika neman gishiri. Tafasa kuwa kwaɗo muke yi da ƙuli-ƙuli, haka zogale. Man Diamaor, wato man angurya na kamfanin auduga na Sodecoton da kusan kowane gida a nan ke girki da shi, da can daga jarka nake tsiyayawa da ido. Yanzu da cokali nake aunawa, jarkar da ke yin mako uku ta kai wata biyu.

Ranar Lahadi biyu muka hau babur zuwa kasuwar Pitowa, kimanin kilomita 15 a kan hanyar Marwa, neman daddawar ƙauye. A can na ga maigida yana shinshina daddawa yana taya ciniki da wata tsohuwa, tana ce masa ya kira matarsa ta zaɓa. Ya ce mata, "Inna, ni ne mai girkin." Ta riƙe baki.

Daga turken fitila zuwa turken fitila

Gudu ba da gudu muka fara shi ba. Tafiya ce bayan sallar asuba, daga gida zuwa filin wasa na Rumde Ajiya mu kewayo. Masu kallon ƙwallo a Najeriya sun san filin nan: a cikinsa Kelechi Iheanacho ya ci Masar ƙwallo ɗaya tilo ranar 11 ga Janairun 2022 a gasar cin kofin Afirka, a cikinsa kuma Tunisiya ta fitar da Super Eagles ranar 23 ga watan. Mu abin da gasar ta bar mana shi ne titunan da aka gyara a kewayensa. Ga mai gudu da duhun asuba, titi mara rami ba ƙaramar kyauta ba ce.

Ban san garinmu yana da wata rayuwa a wannan lokacin ba sai da na fita. Sojoji a jere suna gudu suna waƙa. Samari masu mafarkin wata rana su sa rigar Coton Sport, ƙungiyar garin nan da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008. Ma'aikatan gwamnati 'yan kudu, maza da matansu, musamman ranar Asabar, wasu har da tsofaffi. Abin da ban gani ba shi ne irina. Cikin makonnin farko, mata masu hijabi da na ƙirga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, su ma tafiya suke yi.

Takalman gwanjo muka saya. Ni na ɗinka wando mai faɗi da riga har gwiwa, da hijabin auduga wanda ba ya harɗe ƙafa. A mako na uku maigida ya ce mu gwada: mu yi gudu daga wannan turken fitila zuwa wancan, mu yi tafiya zuwa na gaba. Turke biyu na yi na ji kamar ƙirjina zai tsage. Wasu almajirai da ke wucewa suka kama tafi suna "Doggu, Hajja, doggu!", wato "Yi gudu, Hajiya!" Na so ƙasa ta buɗe in shige. Maigida bai ce komai ba, sai ya rage sauri ya dawo gefena, ta ɓangaren titi, muka ci gaba.

Wanda zai fara irin wannan a Garwa, to ya fara da damina. A watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, iskar asuba ma kamar daga bakin tanda take fitowa. Da damina kuwa sanyi-sanyi ne, sai dai taɓo da kududdufai, da 'yan acaɓa masu watsa wa mutum ruwa ba ko sannu. Sai kuma sauro. A tsakiyar marka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana goma, da na tashi sai da na koma turke biyu kamar ban taɓa farawa ba. Wannan ya fi komai karya mini gwiwa. A kwanakin nan goma shi ya yi girki, shi ya yi wanke-wanke, kuma bai fasa fita da asuba ba.

Ya kuma ajiye babur ya koma zuwa kasuwa a ƙafa. A nan ba lafiya kaɗai ya duba ba. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, man bumburutu da muke kira zuwa-zuwa ya daina arha, litar gidan mai kuma ta koma sefa 840 a watan Fabrairun 2024. Ɗan kasuwa ne. Da ya ga abin da ƙafarsa ke ajiye masa a mako, sai ya fi ni son tafiyar.

Ranar da ba zan manta ba ita ce Lahadin ƙarshen Agusta da muka yi niyyar kaiwa gadar Binuwai. Rabi gudu rabi tafiya muka isa, rana na ɓullowa. Kogi ya cika ya batse, ruwa jawur, masunta na tura kwale-kwale. Can nesa wata dorina ta ɗago kai ta huro ruwa ta koma. An haife ni a garin nan, na haye gadar nan a mota ban san iyaka ba, amma ban taɓa tsayawa a kanta da ƙafata ina haki ba.

Kifin Lagdo, da ƙarar da aka kai wa Hajiya

Idan aka ambaci Lagdo a Yola ko Makurɗi ko Lokoja, ambaliya ake tunawa, irin ta 2012 da ta 2022. Mu a Garwa idan aka ce Lagdo, wutar lantarki muke tunawa, da kifi. Tun da aka kammala madatsar a 1982, tafkinta ke ciyar da garin nan da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke kira kapiten. Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, don haka kifin da aka kama da safe, da yamma yana kan garwashi.

Maigida ne ya kawo shawarar cewa duk daren Asabar a huta da girki. A al'adarmu namiji ne ke ci a waje, mace a kawo mata a leda. Ban taɓa zama da mijina a teburin wani muna cin abinci ba, sai dai a gidan biki, shi ma maza daban mata daban.

Fitarmu ta farko wani gidan abinci muka je mai na'urar sanyaya ɗaki. Awa ɗaya da rabi muna jira, kazar ta zo kamar a gishiri aka kiwata ta, takardar kuɗi kuma sefa 18,000. Da safe muka auna shi da na'urar da muka saya, jinin ya hau. Daga nan muka koma wa matan da ke gasa kifi a bakin titi, yawancinsu 'yan kudu. A can kana ganin kifinka, kai za ka zaɓa, kuma kana iya cewa kada a shafa masa haɗin dunƙule, a ba ka lemon tsami da albasa da ɗan yaji. Ana kawo shi da soyayyar ayaba ko bobolo, wato ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye. Da sefa 4,000 mu biyu mun ƙoshi. Wata daga cikinsu ta saba da mu har ta riƙa cewa "ga masu kifin asibiti sun zo." A wurinta na fara ɗanɗana ndole, miyar 'yan Duwala, wadda in ka bi ta a hankali shuwaka ce da gyaɗa.

Matsalar ita ce da yawa daga masu gashin nan a gefen mashaya suke kafa murhunsu. Mu bayanmu muke juyawa, amma mai wucewa a babur ba bayanka yake gani ba, fitilar mashaya yake gani.

Ran wata Talata Hajiya, mahaifiyar maigida, ta aiko a kira mu. Muka zauna a tabarma, ni kaina a ƙasa. Ta ce, "An ce an gan ku da dare a bakin titi kuna cin kifi kamar marasa gida. An ce 'yar nan tana tsere da maza da asuba. An ce kai kuma ka koma tuƙa tuwo. Wanne ne ƙarya a ciki?"

Ya ce, "Hajiya, babu."

Ya kawo mata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma yakan taya iyalinsa aikin gida. Hajiya ta ce, "Na ji. Amma ba a titin Rumde Ajiya suka yi ba." Na danne dariya da ƙyar. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro katin asibiti ya miƙa mata, ya karanta mata lambobin, na ranar farko da na makon nan. Ya ce, "Irin na Baba ne."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Ita ce ta yi shekara uku tana juya marigayin a kan gado, tana ba shi kunu da cokali. Da ta buɗe baki, hukunci biyu ta yanke: kada a sake ganinmu kusa da inda ake sayar da giya, kuma hijabina ya ƙara tsawo. Na farkon tana da gaskiya, na sani tun kafin ta faɗa. Na biyun na ƙara masa taƙi ɗaya. Maganar tuwo ba ta sake tayar da ita ba. Bayan kwana biyu ta aiko yarinya da ƙullin daddawa, da saƙon cewa in mun tashi zuwa mu taho da na'urar nan a auna ta.

Akwai abin da ban gaya wa Hajiya ba. A gaban kifin nan ne, wani daren Asabar, maigida ya ajiye ƙaya a gefen faranti ya ce, "Malama, akwai bashi a kaina." Wani dila ne ke bin sa kuɗin kaya, kusan shekara guda yana ɓoye mini, yana kwana yana juyi ina zaton zafi ne. A gida ba zai iya faɗa ba. A gida shi maigida ne. A kan bencin mai kifi, da hayaƙi da ƙarar babura, sai maganar ta fito da kanta. Ashe ba gishirina kaɗai ke hawar masa da jini ba. Mun zauna mun yi lissafi, na fitar da adashena, ya sayar da wani fili da ya daɗe yana riƙo. Bashin bai ƙare ba, amma yanzu mu biyu muka san adadinsa.

Rantire

Yara sun dawo a ƙarshen Agusta, sun yi ƙiba da madarar Ngaundere. Farkon Satumba aka koma makaranta, abin da muke kira rantire, watan da kowane uba a Kamaru ke tafiya yana magana shi kaɗai: kuɗin makaranta, littattafai, yunifom, takalma. Fita cin kifi ita ta fara faɗuwa. Yanzu ɗanye muke saye mu gasa a kurfoti a tsakar gida. Gudu ya koma sau uku a mako, domin ƙarfe bakwai da rabi ina gaban allo. Ƙaramin yaronmu har yau yana cewa miyar Kaka ta fi tawa daɗi.

Ga shi Oktoba ta kama. Ruwa ya fara ja da baya, sai hadari ya haɗu ya watse. Masu gasa sabuwar masara da masu dafaffiyar gyaɗa sun cika bakin titi, manoma na dasa masakwa a ƙasar laka, auduga ta fara fashewa. Follere ɗanya ta kusa ƙarewa, na shanya buhu guda. Nan da 'yan makonni hunturu zai sauko da ƙura da sanyin da ke sa bargo ya fi komai daɗi da asuba, kuma ban yi wa kowa alkawarin zan iya da shi ba. Awon maigida na ƙarshe 13 bisa 8 ne. Likita ya ce maganin dai ba a daina shi.

Muciya kuwa, tun da yara suka dawo bai taɓa ta ba, ni ma ban yi magana ba. Sai ranar Asabar da ta wuce, na dawo daga gidan suna a makare, magariba ta kawo jiki, na tarar da hayaƙi na tashi a kicin. Yana tsugune gaban murhu da 'yar shara, babban ɗanmu mai shekara 12 na tsaye a bakin ƙofa, ƙwallo a hammata, baki buɗe.

Yaron ya ce, "Baba, kai ne kake tuƙa tuwo?"

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ajiye ƙwallon nan ka wanke hannu, ka zo ka riƙe mini tukunya."